Shata Nake Yi, Ba Fito Ba

Jirgin nan ba don haya na yi shi ba. Gonar albasa gare ni a tsallaken ruwa, kuma na gaji da zaman jiran masu fito da sassafe, ma'aikata na zaune, rana na ɗagawa, jirgi bai cika ba. Sai na sa kafinta ya haɗa mini kwale-kwale na katako a nan Yelwan Yauri, bakin kogin Neja, na ɗora masa injin Yamaha mai doki 40 da na saya na hannu. Lokacin dashe da lokacin cirar albasa ba ya hutawa. Sauran watannin kuwa yana ɗaure a gaɓa, rana na tsattsaga masa katako, yara na tsalle daga kansa suna faɗawa ruwa.

Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai riƙon jirgin ya fara yi mini nauyi. Har na yi maganar sayar da injin. Ana cikin haka wani maƙwabcina ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, ranar Asabar za mu je ta'aziyya tsallake, mu tara ne. Ka ba mu jirginka shata mana." Na ce Allah ya kai mu.

A wannan tafiyar ta farko asara na yi, kuma ita ta koya mini lissafi. Na ɗauki kuɗin fito na mutum ɗaya na ninka sau tara, na ce shi ke nan. Ban sa dawowa a lissafi ba, ban sa baƙin man da ake haɗawa da fetur ba, ban sa wunin da direba ya yi zaune a gaɓa yana jiran a gama gaisuwa ba. Kuma a dawowa ruwa muke haurawa, inji na shan mai fiye da na zuwa. Da na sallami direba da yaron jirgi, abin da ya rage a hannuna bai sake cika jarkar da muka ƙona ba. Yanzu kafin in faɗi kuɗi sai na tambayi abu uku: ina za a je, mutum nawa ne da wane kaya, kuma ƙarfe nawa za a juyo. Idan jirgi zai dawo wayam, mai shata ne zai biya man dawowar. Idan za a jira ya wuce azahar, akwai kuɗin jira. A kan wanda ya zo na farko nake rubuta ranar a littafi, bayan ya ba da kuɗin mai a matsayin kafin alƙalami, domin sau biyu ina cika tanki a fasa tafiya da safe.

Kafin in karɓi shata ta biyu sai da na je na gaida Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage a tasha. Wannan ba abin da za a tsallake ba ne. Mutanen nan layi suke bi, wani tun asuba yake jiran nasa lodin, sai kuma ga wani da jirgin gona ya zo yana kwasar mutane a gabansu? Na faɗa musu ƙarara cewa ba zan ɗauki fasinja ko ɗaya daga layinsu ba, wanda ya kira ni tun daga gida kawai zan ɗauka. Sarkin Ruwa ya saurara ya ce, "To Malam, wa zai riƙe maka inji?" Na ce ni, ai na saba zuwa gona. Ya ce, "Hanyar gonarka ka sani. Ruwa ba ka san shi ba." Shi ya haɗa ni da wani dattijo Basarke, wanda ni da yaran tasha duk Kawu muke ce masa. Daga nan na je ofishin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, na yi wa jirgin rajista. Sharuɗɗa biyu aka fi nanata mini: kowane fasinja da rigar kariya, kuma ba tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe.

Maganar Sarkin Ruwa sai da na zauna kusa da Kawu na gane ta. Ruwan da ke gabanmu ba kogin da kakanninmu suka sani ba ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taso ya shanye gungaye da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi Gungawa da dama daga tsibiransu. Itatuwan da ke wuraren ba duka aka sare ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kututture kamar ƙarfe. Idan tafki ya cika ka wuce ta kansu ba ka sani ba. Idan ya ja baya da bazara, wasu su fito fili, wasu kuma su tsaya taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, kuma waɗannan ne masu fasa jirgi. Kawu yana ganinsu ta yadda ruwa ke ɗan murɗawa a wurin. Ni har yau sai ya nuna mini da haɓa kafin in gani. Ya san lokacin farin ruwa na damina, mai laka da ƙarfi da tarkacen itace, ya san baƙin ruwa da ke isowa da sanyi bayan ya yi doguwar tafiya tun daga Gini ta Mali da Nijar. Ya san lungun da dorina ke kwana da 'ya'yanta, can nesa yake kewaye shi ko da man zai ƙaru. Rannan da hazo ya rufe har ba a ganin gaɓa, ya kashe inji ya ce a yi shiru, ya kasa kunne, ya juya kan jirgi wajen da ya ji ana daka.

Abin da ya sa na tsaya a kan shata, ban koma fito ba ko da an yi mini tayin shiga layi, shi ne wannan. A fito kowane kai kuɗi ne. Mai jirgi ya ƙona mai iri ɗaya ko mutum ashirin ya ɗauka ko arba'in, ga iyali na jiransa a gida, to zuciya ba ta rasa raɗa masa ya ƙara biyu, ya ƙara babur, ya ƙara buhu. Ban zargi kowa ba, na san yadda mai ya koma. Amma duk mutumin ƙasar Yauri ya san abin da ya faru ranar 26 ga Mayun 2021, da jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150. Kwanaki aka yi ana tsamo gawa. Allah ya jiƙansu. A shata kuwa kuɗin jirgi ɗaya ne. Ƙarin mutum ba ya ƙara mini ko kwabo, don haka ba ni da abin da zan yi kwaɗayi a kai. Rigunan kariya 14 na saya, biyu na Kawu da yaron jirgi, goma sha biyu na fasinja. Idan riga ta ƙare, wuri ya ƙare.

Sai dai abin da ban hango ba, kwaɗayin ƙari bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ya koma wajen wanda ya biya. Tunda ya sayi jirgi na wuni, gani yake duk wanda ya zo bakin ruwa haƙƙinsa ne ya shiga.

An ɗauke mu kai amarya, 'yar wani abokin mahaifina. Mun yi magana a kan mutum goma sha biyu da akwatuna. Da muka iso gaɓa da hantsi sai na tarar da mata sun fi ashirin, kowa da lalle da sabon ɗinki, ga katifa, ga kwanuka a cikin buhuna, ga kabad an kwance shi. Goggon amarya, wadda ta goye ni ina yaro, ta kama hannun rigata ta ce, "Haba ɗan nan, yanzu ni za ka bari a gaɓa? Ai jirgin da sauran wuri, ga shi nan ina gani."

Da gaskiyarta, akwai wurin zama. Na durƙusa na nuna mata gefen jirgin. Kawu ya taɓa shafa wani layi da jan fenti a jikin katakon, ya ce duk ranar da ruwa ya taɓa layin nan shi ba zai ja igiyar inji ba. Mutum goma sha biyu da akwatuna sun zauna, tsakanin ruwa da layin bai fi faɗin yatsu uku ba. Na ce, "Goggo, ki dubi nan. Idan iska ta taso a tsakiya, ta nan ruwa zai shigo, kuma rigar da zan sa miki babu."

Ta ce, "Rai ai a hannun Allah yake."

Na ce, "Haka ne, Goggo. Ku kuma amana ce a hannuna."

Ba ta ji daɗi ba. Wasu suka fara cewa boko ya yi mini yawa, wata ta ce dama ƙarin kuɗi nake nema. Wannan ta yi mini zafi, don haka na ce sawu biyu za a yi, man sawu na biyu ni zan zuba. Amarya da ƙawayenta suka tafi a na farko. Na zauna da Goggo a ƙarƙashin wata bishiya fiye da awa biyu, ba ta ce mini uffan ba. Da jirgi ya dawo na ɗaura mata rigar da hannuna, na ja igiyoyin suka kama ta, domin riga sakwa-sakwa fita take yi ta kai idan mutum ya faɗa ruwa. Ranar ma ban ci riba ba. Tun daga ita kuma nake faɗin adadi a gaban shaida, kuma in ce duk ƙarin da ya biyo baya sawu na biyu ne, da kuɗinsa.

Aikin ba kullum ba ne. Bayan girbi bukukuwa na yawa, lokacin Rigata, bikin wasannin ruwa na Yauri, baƙi na son a zaga da su, akwai ma'aikatan rigakafi da ke shiga ƙauyukan bakin ruwa, akwai masu sarin kifi da ba sa son jiran lodi. Da damina in hadari ya haɗu ta gabas, ko an biya sai dai a jira ko in mayar da kuɗi. A cikin akwatin jirgi kullum akwai farfela ta biyu, fulogi biyu, igiyar tayar da inji, filafilai, gora, da ƙoƙon kwarfar ruwa. Daga kowace shata ina cire kaso in ajiye wa injin, domin ranar da ya tsaya ba ya jiran a sayar da albasa.

Abin da ke damuna yanzu yara ne. Rigunana duk na manya ne, yaro ɗan shekara biyar zamewa yake yi daga cikinsu, kuma mata ba sa tafiya biki ba da yara ba. Na ba wani direban mota da ke zuwa Legas saƙo ya nemo mini ƙanana guda shida. Goggo ta aiko jikanta jiya, wai akwai suna a tsallake ranar Laraba, su goma ne da yara uku, in rigunan sun iso in sanar da ita.