"Ki duba min a waya ki gani"

Umma ba ta yi boko mai nisa ba, amma wallahi WhatsApp ɗinta ya fi nawa cika. Guruf ɗin Islamiyya, na adashe, na 'yan uwan Babanmu, na matan unguwa, kullum boyis ne ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, tana tsintar shinkafa tana saurara. Shekara shida ke nan tana shan maganin hawan jini, amlodipine, 'yar ƙaramar farar ƙwaya ɗaya kullum da safe, kuma a sanina ba ta taɓa wasa da shi ba.

Bayan babbar sallah na je gida na kwana biyu, ina neman allura da zare a cikin kwanon da take ajiye tarkacenta sai na ci karo da katin ƙwayar har guda uku, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Na ce Umma wannan fa? Ta ce ai ta bari tun kafin sallah. Gabana ya faɗi. Ta jawo waya ta kunna min wani bidiyo, wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, bayansa kanta cike da robobi, yana magana a natse da Hausa mai daɗi har da addu'o'i, yana cewa zoɓo ba suga da tafarnuwa da kanumfari in aka sha kwana 21 an rabu da hawan jini har abada, kuma wai maganin asibiti shi ke kashe wa mutane ƙoda. Sai ta ɗage zaninta kaɗan ta nuna min idon sawunta a kumbure ta ce, "Kin gani ko? Ƙodar ce ta fara. Ki duba min a waya ki gani, ai kowa ya sani."

Toh na duba. Kuma abun da na gani a daren nan shi ya sa nake wannan rubutun.

Da Hausa na fara, na rubuta "maganin hawan jini" kamar yadda ita ko wata ƙawarta za ta rubuta. Kusan duk abun da ya fara fitowa haɗe-haɗe ne, a samu kaza a daka da kaza a sha da nono, a ƙarshe ga lambar waya, muna turawa ko'ina a faɗin Najeriya da Nijar. Bayanin likita yana nan amma sai ka gangara, sai ka san me kake nema. Da na juya na rubuta da Turanci sai ka ce wata duniya na shiga, ga shafin hukumar lafiya ta Ingila NHS, ga na Mayo Clinic ta Amurka, ga na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma cikin minti biyar na ga cewa kumburin ƙafa yana cikin abubuwan da aka san amlodipine yana jawowa wasu mutane, ba lallai sai ƙoda ta taɓu ba, kuma likita zai iya rage shi ko ya canza wani. Na kuma ga cewa hawan jinin da aka bari ba magani shi da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Wato abun da Umma ke gudu, hanyarsa ta kama.

Waya ɗaya, data ɗaya, tambaya ɗaya, amma wanda ya iya Turanci da wanda bai iya ba amsa daban suke samu. Wannan ya tsaya min a rai sosai.

Kuma abun da ya fi ɗaure kai, mutumin nan ba ƙarya zalla ya yi ba. An yi bincike a kan zoɓo, kuma an ga yana ɗan sauke jini kaɗan a wasu mutane. Amma ɗan saukewa daban, warkewa daban, kuma babu inda aka ce a zubar da ƙwaya. Ya ɗauki gaskiya 'yar kaɗan ya yi mata riga da wando ya kai kasuwa. Irin wannan ya fi wuyar ƙaryatawa, don in ka ce wa tsohuwa zoɓo ba ya komai za ta ce ai ita ta sha ta ji kanta ya yi sakayau, kuma hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan, mutum yana yawonsa yana jin garau jininsa yana sama da 140/90, sai dai ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye a ce shafar aljanu ce.

Akwai kuma matsalar sunayen cuta da muke amfani da su, wadda ban taɓa lura da ita ba sai yanzu. Ɗauki "sanyi". Mace tana ƙaiƙayi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, fitsari na zafi sanyi ne, haihuwa ta yi jinkiri sanyi ne. A asibiti waɗannan abubuwa ne mabambanta, wani ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa sai an yi wa mata da miji magani tare, wani kuma ba ruwansa da saduwa sam. Amma in kin rubuta "maganin sanyi" roba ɗaya za a nuna miki ta duka. Haka "basir", daga ciwon baya zuwa taurin bayan gida zuwa raunin namiji zuwa zubar jini duk an zuba su a buhu ɗaya, alhali jini a bayan gida wani lokacin alamar ciwon dajin hanji ne, mutum ya yi shekara yana shan jiƙo lokaci na wucewa. "Shawara" ma haka, ido ya yi rawaya a ce shawara ce a nemo saiwa, ba a je an gwada ciwon hanta ba. Ita intanet abun da ka tambaye ta shi take ba ka, in ka shiga da sunan da ya haɗa cuta goma, mai sayarwa ne zai fara tarbarka don shi ne ya san sunan da kake kira.

Ni ban manta watan Agusta na 2014 ba, lokacin Ebola. Cikin dare aka dinga kiran waya ana turo saƙo, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha kafin gari ya waye. Gidanmu ma an dafa ruwa, na tuna Umma tana tashin yara ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun kwanta asibiti a kan gishirin nan, har an rasa rayuka, kuma masu hawan jini su suka fi shiga haɗari. Cutar kanta a Legas da Fatakwal ta tsaya, albarkacin irin su Dakta Stella Adadevoh da ta hana mutumin da ya shigo da ita fita daga asibiti har ita ma ta rasa ranta, amma saƙon gishiri a dare ɗaya ya zagaye ƙasar. A 2020 ma da korona ta zo an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirki chloroquine, maganin zazzaɓin cizon sauro, bayan sun ji Trump ya yabe shi. Lokacin ma TikTok bai kama gari kamar yanzu ba.

Sai dai ni gaskiya ba na ganin laifin wanda ya ɗauki waya ya bincika. Ka je asibitin gwamnati tun asuba ka karɓi kati, ka zauna a benci har azahar, in ka shiga likita ya gaji, mutum nawa ya gani kafin kai, minti uku ya rubuta maka takarda da rubutun da ba ka iya karantawa ka fito ba ka san sunan ciwonka ba. Na kuɗi kuma kuɗin ganin likita kawai ya isa cefanen kwana biyu. Ga kunya. Budurwa ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa likita namiji abun da ke damunta a gaba ba, magidanci ba zai faɗi nasa a gaban nas sa'ar 'yarsa ba, amma waya ba ta kallon fuskarka, ƙarfe biyun dare kana kwance za ka rubuta abun da ko matarka ba ka gaya wa ba. Umma kanta da na tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa likita ƙafarta na kumbura ba, cewa ta yi, "Yo ina ya ba ni fuska? Wannan kuwa sai da ya yi minti goma yana bayani." Wannan maganar ta yi min ciwo don gaskiya ta faɗa. Mai robar ya zauna ya yi mata bayani da harshenta, ya kira ta uwa, ya yi mata addu'a.

Akwai masu ƙoƙari, ba zan ce babu ba. BBC Hausa na da Lafiya Zinariya, RFI na da Lafiya Jari Ce, kuma akwai likitoci da nas-nas 'yan arewa da ke zama bayan sun tashi aiki su ɗauki bidiyo da Hausa a Facebook da TikTok ba don a biya su ba, Allah Ya saka musu da alheri. Amma sun yi kaɗan, kuma likitan gaske zai ce maka "ya danganta, sai an gwada", shi kuwa ɗan kasuwa zai ce "sha yanzu magani yanzu", kun san wanda za a fi turawa a guruf. Ko lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da suke ɗagawa a kyamara, yawancin na gargajiya rajista ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba, ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da duk abun da aka lissafa a jikin robar. Yanzu kuma yara sun koma tambayar ChatGPT, ƙanwata har hoton sakamakon gwaji take tura masa, yana taimaka mata ta gane kalmomin amma ba ya ganin majinyaci, ba ya taɓa shi, kuma yana iya kuskure yana magana kamar ya tabbata.

Washegari na lallaɓa Umma muka je asibiti. Nas ta ɗaura mata abun awo a hannu, ta kalli lambar ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun, 178/106. Ta ce, "Hajiya, yaushe rabonki da magani?" Umma ta sunkuyar da kai. Allah Ya haɗa mu da wata likita mai haƙuri, na ba ta wayar ta kalli bidiyon har ƙarshe, ba ta yi dariya ba kuma ba ta yi faɗa ba. Ta danna ƙafar Umma da ɗan yatsa, ta tura mu gwajin ƙoda, ya fito lafiya lau alhamdulillah, ta canza mata tsarin maganin, ta ce zoɓonta ta ci gaba da sha in tana so amma ba suga kuma ba a madadin ƙwaya ba, ta rage gishiri da dunƙulen miya.

Na roƙe ta ko za ta maimaita bayanin na ɗauka a waya, ta yarda, minti biyu da 'yan daƙiƙu. A cikin adaidaita sahu muna komawa gida Umma ta saurara sau biyu, sannan ta ce in tura mata a guruf ɗin Islamiyya, wanda daga can bidiyon farko ya fito. Kafin la'asar wata ƙawarta ta kira, wai maigidanta ma ya ajiye nasa maganin wata biyu ke nan, tana tambaya wace rana likitar take zama.