Ranar da Na Leƙa Cikin Gansakuka

Yau Laraba muka shiga ɗakin gwaje-gwaje domin darasin ilimin halittu, muka tarar da kwalba cike da ruwan kududdufi a kan kowane tebur, gansakuka na lilo a ciki kamar koren zare. Da na taɓa ta sai na ji santsi, malamarmu ta ce yauƙi ne da ke lulluɓe da kowane sili, kuma da wannan santsin ake fara shaida irin da ake kira Sifirojaira.

Na ɗauki sili biyu da tsinke, na shimfiɗa su a kan gilashin gwaji, na ɗiga ruwa, sannan na rufe da siririn murfin gilashi. Karon farko na saki murfin da gaggawa, kumfar iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, ta fito a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa da baƙin zobe mai kauri. Malama ta ce, "Karkata shi za ki yi, ki sauke a hankali, ruwan da kansa zai kori iskar." Haka kuwa aka yi.

A ninki 100 na ga ƙwayoyin halitta jere baki da baki kamar gaɓoɓin kara, kowace da bangonta. Amma sai da na juya zuwa ninki 400 abin ya kama ni sosai, domin a cikin kowace ƙwaya akwai koren ƙyalle da ya naɗe daga wannan ƙarshe zuwa wancan, naɗi mai tsari kamar an auna shi. Wannan shi ne kuloroflas, inda ake haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon a samar da abinci. Da muka ɗiga ruwan aidin a gefen murfin, sai wasu ɗigo-ɗigo a jikin ƙyallen suka rikiɗe zuwa shuɗi mai duhu, alamar sitacin da ƙwayar ta tara. Na sha rubuta wannan bayani a jarrabawa, amma yau ne na ga hujjarsa da idona, a cikin abin da a da nake ɗauka ƙazantar ruwa ce kawai.

Malama ta ambaci Antoni fan Lewenhuk, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya bayyana wasu koren zaruruwa masu naɗi a shekarar 1674, da madubi mai ido ɗaya tak da ya haɗa da hannunsa. Na jinjina wa haƙurinsa ƙwarai, ganin yadda idona ya gaji cikin rabin sa'a da na'urar da ta fi tasa sauƙin sarrafawa.

Zanena na farko bai samu karɓuwa ba saboda na yi masa inuwa da fensir, alhali ƙa'ida ita ce layi ɗaya tsaf, da sunan kowane sashe, da adadin ninki a ƙasa. Na sake shi.

Kafin mu fita na lura cewa a kwalbar da ke bakin taga gansakukar ta taso sama, ƙananan kumfar oksijin da ta fitar sun ɗaga ta. Na roƙi malama a bar mana ita zuwa Juma'a, ko za mu dace mu ga sili biyu sun jeru gefe da gefe, sun miƙa wa juna bututu kamar matakalar tsani, wanda ta haka suke haɗuwa domin hayayyafa.