Torent a kan talabijin: ana iya yi, amma ba can ne muhallinsa ba

Duk wanda ya sayi talabijin mai intanet, bayan ya gama murnar YouTube da Netflix, tunani ɗaya ne yake zo masa: tunda wannan abu yana shiga intanet da kansa, me zai hana ya riƙa sauke torent ma da kansa, a huta da jigilar filashi tsakanin kwamfuta da bayan talabijin? Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba. E, ana iya yi, a kan wasu talabijin ɗin. Na haɗa a kan tawa, ya kuma yi aiki. Amma yau talabijin ɗina ba ta sauke komai, kallo kawai ake yi a kanta, saukewar kuwa wata na'ura ce daban take yi a lungu.

Kafin ka taɓa komai, duba wace babbar manhaja ce ke tafiyar da talabijin ɗinka, domin nan ne magana take rabuwa. Samsung tana amfani da Tizen, LG tana amfani da webOS, yawancin na Hisense suna da VIDAA, ga kuma Roku da tata. A kan waɗannan, kada ka wahalar da kanka da neman manhajar torent a shagon manhajojinsu, ƙofar a rufe take. Wanda yake da sa'a shi ne mai Android TV ko Google TV, irin su Sony da TCL da wasu na Philips, sai kuma mai Fire TV na Amazon, wanda shi ma a kan Android aka gina yawancinsa. Idan taka Samsung ce ko LG, ko dai ka sayi ƙaramin akwatin Android ka jona ta HDMI, ko ka tsallaka zuwa hanyar da zan faɗa can ƙasa, wadda dama ita na fi so.

Sai ka fahimci irin aikin da kake shirin ɗora wa talabijin ɗin, in ba haka ba za ka yi ta zargin intanet ɗinka a banza. Bram Cohen ne ya ƙirƙiro BitTorrent, wato tsarin da ake sauke torent da shi, a 2001, dabararsa kuwa ita ce a daina dogaro da kwamfuta ɗaya mai ba kowa fayil. Ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da lambar tantancewarta. Na'urarka tana karɓar wata gunduwa daga wannan mutum, wata daga wancan, ba a jere ba, takan ma fara neman wadda ta fi ƙaranci a hannun jama'a. Kowace ta iso sai a lissafa lambarta a tabbatar ba ta lalace ba, a rubuta ta a wurinta, a kuma fara miƙa ta ga wasu. Wato a lokaci guda na'urar tana magana da mutane da dama, tana lissafi, tana rubutu nan da can a cikin ma'aji, tana kuma karantawa don ta aika. Ga kwamfuta wannan ba komai ba ne. Talabijin kuwa an ƙera ta ne don ta karɓi bidiyo ɗaya a jere ta nuna shi da kyau. Yawancinsu ƙwaƙwalwar aikinsu ba ta wuce gigabait 2 ba, ma'ajin ciki kuma gigabait 8 ne ko 16, babbar manhaja ta riga ta cinye kaso mai tsoka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

To amma ka ce kai dai sai ka gwada. Manhajar da nake ba da shawara ita ce LibreTorrent. Kyauta ce, babu talla, lambobinta a buɗe suke ga kowa ya duba, kuma an yi ta yadda za a iya sarrafa ta da rimot, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar da aka yi don yatsa, idan ka buɗe ta a talabijin, sai ka ga maɓalli ƙiri-ƙiri a allo amma rimot ya ƙi kaiwa gare shi. Idan ba ka same ta a Play Store na talabijin ba, akwai ta a F-Droid, wani shagon manhajojin Android na daban. Sai ka sauke fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhajar, ka shiga saitunan tsaro ka ba manhajar da za ta buɗe shi izinin girka abin da bai fito daga shago ba, ka girka, sannan ka koma ka kashe izinin. Wannan mataki na ƙarshe mutane suna mantawa da shi. Kuma APK ɗin daga inda masu manhajar suka ajiye shi za ka ɗauko, ba daga shafin da ya cika da maɓallan saukewa guda biyar masu ƙyalli ba.

Shigar da mahaɗin magnet, wato adireshin da ke gaya wa manhajar abin da za ta sauke, da rimot kuwa azaba ce, domin a tsakiyarsa akwai jerin haruffa da lambobi 40 da ba su da ma'ana ga ido. Kada ma ka fara. Yi amfani da manhajar Google TV ta waya, wadda ke mayar da wayarka allon rubutu, ka kwafa ka liƙa. Ko ka sa ƙaramin fayil ɗin torent a filashi ka buɗe shi daga can.

Daga nan ne ainihin rigimar take farawa, wato wurin ajiya. Kada ka bari ya sauka a ma'ajin ciki. Ban da ƙarancinsa, ma'ajin a manne yake da allon na'urar, ba a cire shi a sa wani, kuma irin wannan ma'aji yawan rubutu yana gajiyar da shi. Ranar da ya gaza, ba fim ka rasa ba, talabijin ce ta ƙi tashi. Don haka sai ma'ajin waje ta USB. Nan ma akwai tarko. Filashi da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Saukewa za ta yi ta tafiya lafiya, sai ta tsaya cak da saƙon kuskure wanda ba zai gaya maka dalili ba. Maganin shi ne exFAT ko NTFS, sai dai ba kowace talabijin ce ke gane su ba, wata kuma tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. Sai ka gwada naka da ƙaramin fayil tukuna. Akwai kuma zaɓin da Android ke bayarwa na mayar da filashi wani ɓangare na ma'ajin ciki. Yana aiki, amma yana kulle filashin da wannan talabijin kaɗai, in ka zare ka kai kwamfuta ba za ta ga komai ba.

Ko ka tsallake wannan, daga Android 11 Google ta ƙara tsaurara yadda manhaja ke taɓa foldojin da ba nata ba. A waya, wata taga ce ke buɗewa ka zaɓi inda kake so ka ba da izini. A talabijin da yawa wannan tagar babu ita sam, sai ka danna zaɓen wuri ka ga an ce babu manhajar da za ta yi wannan aiki. Wannan shi ya fi ba ni haushi a duk lamarin, domin ba laifin manhajar torent ba ne, ba kuma abin da za ka gyara a saituna ba ne. Sai ka haƙura da foldar da manhajar ta keɓe wa kanta a kan filashin, in ta samu dama.

Sai batun wuta. Ƙofar USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 take bayarwa, USB 3.0 kuma 900. Faifan ajiya mai juyawa yakan buƙaci fiye da haka lokacin tashi, shi ya sa za ka ji yana ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa. Wasu talabijin suna da ƙofa ɗaya da aka rubuta HDD a gefenta, ita za ka nema. Babbar matsalar ma ita ce, da ka danna maɓallin kashewa, talabijin da yawa suna yanke wutar USB, su kuma dakatar da manhajojin da ke aiki a baya. Ka kwanta da tunanin gari zai waye fayil ya kammala, ka tashi ka tarar yana nan inda ka bar shi. Ka bar ta a kunne duk dare kuwa, to ka kunna ƙaton allo don aikin da ba ya buƙatar allo.

Abin da nake yi yanzu bai kai wannan wahala ba, duk da cewa jin sunansa yana tsorata mutane. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce wadda madanninta suka mutu, na jona ta da rauta da kebul, na rufe murfinta bayan na hana ta barci. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, shi ma yana yin wannan aiki, wutar da yake ci kuma 'yar kaɗan ce. A kan kwamfutar tawa akwai qBittorrent, shirin sauke torent wanda yake da shafin sarrafawa da ake buɗewa daga burauzar waya, a ƙofa mai lamba 8080 in ba ka canza ba. Mai son Transmission nasa a 9091 yake. Ina zaune ko'ina a cikin gida sai in liƙa mahaɗi daga waya, shi ke nan. Abu ɗaya kawai: ka sa kalmar sirri mai ƙarfi a shafin, kada kuma ka buɗe shi ga intanet na waje.

Yadda fayil ke isa talabijin kuwa hanyoyi ne da yawa. Mafi sauƙi ita ce DLNA, hanyar raba bidiyo tsakanin na'urorin gida, wadda kusan kowace talabijin mai intanet take ganewa, har da Samsung da LG ɗin da muka ce ƙofarsu a rufe take. Ka girka MiniDLNA a kwamfutar, ka nuna masa foldar bidiyo, sai ka ga sunanta ya fito a jerin hanyoyin shiga na talabijin, kusa da HDMI. Ba shi da ado, amma ba ya gardama. Mai son ado, da hotunan bango da tuna inda aka tsaya, sai ya nemi Jellyfin, wanda aka ɓalle daga Emby a 2018 lokacin da Emby ta rufe lambobinta, ko kuma Plex. Mai Android TV yana iya girka Kodi ko VLC ya buɗe fayilolin kai tsaye ta SMB, hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci. Ni Jellyfin nake amfani da shi, don ba ya neman in buɗe asusu a wurin kowa kafin in kalli abin da ke cikin gidana.

Ko a nan akwai abin da zai iya ba ka mamaki. Wani fayil zai fito da hoto tangaram amma babu sauti. Sau da yawa tsarin sautin fayil ɗin DTS ne, domin Samsung ta daina sa shi a talabijin ɗinta tun daga na 2018. Jellyfin da Plex suna iya juya sautin zuwa wanda talabijin ke ganewa suna cikin aikawa, wannan ba ya wahalar da kwamfuta. Juya hoton ne ke da nauyi, musamman tsarin bidiyo na HEVC mai 4K, tsohuwar na'ura sai ta yi ta haki bidiyo yana sarƙewa. Gara tun farko ka zaɓi fayil ɗin da talabijin ɗinka ke iya buɗewa da kanta. A tsarin bidiyo, H.264 kowa yana ci, HEVC kusan duk mai 4K tana ci, AV1 kuwa sai sababbi. Wani abin dariya kuma, ƙofar kebul ɗin intanet ta talabijin da yawa, har da masu tsada, megabit 100 ce iyakarta. Ga yawancin bidiyo ta isa har da rara, amma ga manyan fayilolin 4K wani lokaci Wi-Fi mai 5 GHz ya fi kebul sauri, in rautar tana kusa.

Ban so in rufe ba tare da maganar abin da ake saukewa ba, ba don wa'azi ba, sai don yadda abin yake aiki. BitTorrent kansa ba haramtacce ba ne. Ubuntu da Debian suna raba manhajojinsu ta nan, Internet Archive ta fara ba da tarin kayanta ta torent tun 2012, gidauniyar Blender kuma tana sakin gajerun fina-finanta da lasisin da ya yarda kowa ya raba. Da irin waɗannan nake gwada kowane sabon haɗi, domin masu rabawa suna da yawa, in abu ya ƙi sauri na san matsalar daga wurina take. Amma fim ɗin da mai shi bai ba da izini ba, ka sani ba saukewa kaɗai kake yi ba, kana rabawa ne tun daga gunduwar farko, kuma adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, a bayyane yake ga duk wanda ya shiga wannan taron, har da kamfanonin da aikinsu ke nan, su zauna su rubuta. A Jamus wasiƙar lauya ce ke zuwa da neman kuɗi. A Faransa an kafa hukuma sukutum, Hadopi, a 2009 don wannan, kafin a narkar da ita cikin Arcom a 2022. A Amurka masu ba da intanet suna tura gargaɗi ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998. Kowace ƙasa da nata, naka ne ka sani.

Masu neman akwatin Android don wannan aiki, ku guji marasa suna ɗin nan masu alkawarin dubban tashoshi kyauta. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, muguwar manhajar da ake samu a irin waɗannan na'urori, wasu tun daga masana'anta, tana mayar da intanet ɗin gidanka hanyar wucewar wasu. Nemi wanda Play Protect ta tantance, ana iya dubawa a saitunan Play Store.

A qBittorrent kuma akwai saituna biyu da nake taɓawa kafin komai. Na farko, iyakar saurin aikawa, ina sa shi ƙasa da abin da layin zai iya, domin in aikawa ta cika maƙil duk gidan ne intanet ke tsayawa, har da bidiyon da ake kallo a talabijin ɗin. Na biyu, yawan mutanen da ake haɗuwa da su a lokaci guda. Yana zuwa a 500, wanda ya yi wa ƙananan rautoci yawa, ni nakan sauke shi zuwa wajen 100, saurin kuma bai ragu yadda zan lura ba.