Kifin da na saki a kogin Provo

Asabar, sha ɗaya saura na dare. Yaya da Anti sun shige, yara sun yi barci tun ɗazu, ni kaɗai ne a falo, yatsuna har yanzu zugi suke min. Niyyata in zuba muku hotuna kawai in kwanta, amma maganar Kawu ta tsaya min a rai, gara in rubuta ko na samu barci.

Dattijo, maƙwabcin Yaya, ya cika alkawari. Tun da na sauka garin nan yake cewa sai ya kai ni kogi kafin in koma gida, na ɗauka irin maganar maƙwabta ce, ashe da gaske yake, jiya da daddare ya sa Yaya ya saya min lasisin kwana uku ta intanet, don a jihar Utah ta Amurka ko fatsa ɗaya za ka jefa a ruwa sai da takarda. Ni na shirya ma fitar asuba irin ta mutanenmu, yace a'a, tara da rabi. Wai da hunturu jikin kifi a mace yake, ba ya son motsi balle ya bi abinci, sai rana ta ɗan taɓa ruwan, daga sha ɗaya zuwa uku, kasuwar kenan gaba ɗaya. Ya zo min da kayan ɗansa a jaka, rigunan ulu da safa mai kauri da wandon roba ɗin nan mai kaiwa har ƙirji, yace kar in sa komai na auduga a ciki, auduga in ta jiƙe a sanyi irin wannan ba ta bushewa, jikinka take zuƙe ma ɗumi.

Daga Salt Lake ba mu cika awa ɗaya ba. Mun haura ta cikin duwatsu, muka wuce tafkin Jordanelle, sai ga kwarin Heber a gabanmu fari fat, dutsen Timpanogos can gefe ya tokare sama. Wallahi na yi tasbihi. Motar Yaya tana nuna digiri 8 ƙasa da sifili.

Abun da ya fara ɗaure min kai shi ne kogin yana gudu abunsa, tururi ma yake, alhali ko'ina ƙanƙara ce. Dattijo yace sirrin dam ne, ruwan daga cikin tafkin ake sako shi ba daga saman da ke daskarewa ba, kuma ruwan can ƙasa yana zama wajen digiri 4 duk tsananin sanyi, shi ya sa masu fatsar hunturu ƙasan dam suke bi. Yace da can an miƙar da wannan yanki na kogin an yi masa ganuwa hagu da dama, sai daga 1999 aka fara aikin mayar masa da lanƙwasarsa da guraben da kifi ke fakewa, aka shekara kusan goma ana yi. Yana faɗa yana nuna min da sanda, nan da babu wannan kwana, can da babu waɗancan bishiyoyi. Fuskarsa kaɗai za ka kalla ka san abun yana ransa.

Ƙoton nasu shi ne abun kallo. Babu tana, babu gara, babu komai mai rai ko mai ƙamshi, a wannan yankin ma doka ta hana. Ya buɗe wani ɗan akwati ya ciro ƙugiya da bata kai ƙwayar shinkafa ba, an naɗe ta da baƙin zare da siririyar waya fara da ɗan dutsen ado a kai, shi ya ɗaura da hannunsa a gida. Kwaikwayon tsutsar wasu ƙananan ƙwari ce, masu siffar sauro amma ba sa cizo, su ne suka fi ƙyanƙyashewa da hunturu, su kifin ke ci. Na ga su ma da idona wajen sha biyu, baƙaƙe mitsi-mitsi suna tafiya a kan dusar ƙanƙarar bakin ruwa. Ya sa filaya ya danne ɗan haƙorin nan da ke hana ƙugiya fita daga bakin kifi, ya maƙala gutsuren darma a sama kaɗan, sannan 'yar ƙwallon roba mai yawo a saman ruwa. Aikina in wurga sama da inda nake tsaye, in bar ruwa ya taho da ita da kansa ba tare da igiyar ta ja ta ba, ido a kan ƙwallon, ko tsayawa ta yi ko ta ɗan nutse in ɗaga sanda. Faɗi da sauƙi. Zobban sandar sai su cika da ƙanƙara igiya ta ƙi wucewa, ka tsaya ka fasa da yatsa, yatsan kuma ba ka jin sa.

Da za mu tsallaka wani wuri mara zurfi ya riƙe min hannu ya nuna min tsakuwa, wani fili-fili da ya fi sauran haske kaman an share. Yace gidan ƙwai ne, da kaka uwar ke kaɗe tsakuwar da wutsiya ta zuba ƙwai ta rufe, suna nan a ƙasa har sanyi ya wuce, taku ɗaya ya isa ya murƙushe su. Muka zagaya ta nesa.

Azahar a bayan mota, kan dardumar da Anti ta cusa min a jaka, da ruwan ɗumi na filas. Dattijo ya ja gefe ya jira mu, bai ce komai ba.

Ɗaya da wani abu ƙwallon ta tsaya cak a wani gurbi mai zurfi inda ruwan ke tafiya a hankali, na ɗaga, sai na ji rai a ƙarshen igiyar. Kai! Sandar ta lanƙwashe, Yaya yana ihu daga bakin ruwa, Dattijo yana cewa kar ka ja da ƙarfi, zaren siriri ne, bar shi ya gudu, yanzu jawo. Ya sa homa ya tare shi. Kifin turawut ne mai ruwan ƙasa, ya kusa kamu ɗaya, cikinsa rawaya, jikinsa duk ɗigo baƙaƙe da jajaye, kowane jan ɗigo da zobe mai haske kewaye da shi. Ban taɓa ganin kifi mai kyau haka ba, ni da na tashi a bakin ruwan Yauri. Dattijo yace shi ma baƙo ne a ƙasar nan, ƙwan kakanninsa daga Jamus aka kawo Amurka a 1883.

Na kai hannu zan ciro shi yace tsaya, cire safar hannu, jiƙa hannunka tukuna, busasshen hannu yana goge masa yauƙin da ke kare shi daga cuta. Kuma kar ka ɗaga shi a iska, a sanyin nan jan naman da yake numfashi da shi daskarewa yake nan take. Yaya ya ɗauki hoto kifin na cikin ruwa cikin homa. Ƙugiyar ta fita da taɓi ɗaya. Yace riƙe shi a tafin hannu, fuskarsa ta kalli inda ruwa ke zuwa, har sai ya ƙwace da kansa. Na riƙe, ina jin motsinsa a hannuna, sai ya buga wutsiya ya tafi.

Nace shikenan? Yace shikenan. Doka ma a nan manyan mayarwa ake, ƙanana ne aka yarda mutum ya ɗauki kaɗan, amma shi ko ƙananan ya daɗe rabonsa da ɗauka. Yace dubi motocin da ke bakin titi yau da sanyin nan, ka ƙiyasta bazara, kifin nan ba zuba shi ake ba, a nan yake haihuwa, in kowa ya tafi da nasa wa zai zuba ƙwai a tsakuwar da muka zagaye. Na gamsu a lokacin, har daɗi na ji, na tura hoton a group ɗin gida da bidiyon sakin.

Muna shiga mota wajen uku na ga saƙon murya daga Kawu, can gida sha ɗaya na dare kenan, mutumin da takwas ke yi masa a shimfiɗa, ashe Auta ce ta kai masa wayar ya gani. Ya fara da sa albarka, yace kifin ya yi kyau, ya tambayi sunansa, ya tambaya ko yana da ƙaya da yawa. Sai ya ɗan yi shiru yace, "To amma ɗana, in ba ci za ka yi ba, ba sayarwa za ka yi ba, ba sadaka za ka yi ba, me ya yi maka ka huda masa baki? Mu ma muna mayarwa, in ƙanana suka faɗa a koma mukan tsince mu mayar, amma ba dominsu muka fita ba. Kai kuma domin ka saka ka fita."

Ba faɗa yake ba fa, kun san Kawu, tambaya ce tsakani da Allah. Kuma Kawu ba mutumin da za a koya wa tausayin ruwa ba ne, shi ne kullum cikin rigima da yaran da ke jan gidan sauro a bakin Kainji suna kwashe 'ya'yan kifi, ya sha faɗa min tun ina ƙarami cewa ruwa amana ne. Duk murnar da nake ciki sai ta sauka.

Na sa ma Yaya ya ji, yace kai dai ka huta, al'adarsu ce, ka zo hutu ka ga abun duniya. Ban iya hutawa ba. Na juya na fassara ma Dattijo maganar yadda Kawu ya faɗe ta, ban rage komai ba. Na zaci zai kawo min hujjar ɗazu, sai ya yi shiru har muka wuce tafkin. Sannan yace kawunka ya yi tambaya mai kyau, kuma ba zan ce maka kifin bai wahala ba, ya wahala, wasu ma ko ka bi duk ƙa'ida bayan ka sake su mutuwa suke, shi ya sa nake danne haƙorin ƙugiya nake hana a daɗe ana ja. Yace abun da ya sani kawai, mutanen da ke tsayawa cikin ruwan nan da sanyi su ne ke zuwa taro in za a taɓa kogin, kuɗin lasisinsu ne ke tafiya wajen kula da kifin. Yace ka gaishe min da shi, ka ce masa ina son in ga komarsa.

To ni yanzu ina tsakiya. Suratul Ma'ida ta ce an halatta mana farautar ruwa da abincinsa, jin daɗi gare mu da matafiya, wannan ba gardama. Amma kuma ina tuna hadisin da ya hana a mayar da abu mai rai abun gwajin harbi, kuma ban san ko abun da na yi yau ya shiga ƙarƙashinsa ba, ba zan yanke ma kaina ba, na tura ma Malam tambayar, sai ya tashi. Abun da ya fi damuna shi ne daɗin da na ji lokacin da igiyar ta yi nauyi, daɗi ne na gaske, har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya buga, kuma a daidai lokacin shi kifin neman ransa yake. Kawu in ya ja koma yana jin irin wannan daɗin, na sha gani a fuskarsa, amma bayansa akwai tukunya da yara da kuɗin makaranta. Ni bayan nawa hoto ne. Sai kuma in tuna kifin yana can da ransa a gurbinsa, wanda Kawu ya kama kuwa ya mutu, in kifin za a tambaya ban san wanne zai zaɓa ba. Mutum biyu, duk cikinsu babu wanda ba ya son ruwa da abun da ke ciki, kuma duk na yarda da su.

Ban mayar ma Kawu amsa ba tukuna, sannu da gajiya kawai na tura da gaisuwar Dattijo.

Lasisin sai Litinin zai ƙare, Dattijo yace in ina so mu koma ranar bayan ya sauke jikarsa a makaranta. Na ce ma Yaya ya duba min littafin dokar da kyau, girman da aka yarda a ɗauka da adadi, in har zan koma to ƙarami ɗaya nake so, in yi bismillah in kama in taho da shi a ci, in naɗe igiyata daga nan. Anti tace ta ji ta gani, akwai yaji da citta. Sauran ya danganta da abun da Malam zai ce.

Maganin gwiwar Hajiya ya iso yau, kwali biyu, yana cikin akwati. Auta ki faɗa mata.