Darasin da gyaran insha'in ɗalibai ke koyarwa kan lokutan aikatau a Turanci

Duk malamin da ya daɗe yana duba insha'in Turanci a makarantun Kano ya san irin wannan jimlar: "Yesterday I went to Kurmi market and I am looking for a cap." Ɗalibin ba ƙaramin ilimi gare shi ba. Hausa ce ke magana a bakin alƙalaminsa. Mu idan muka ce "jiya na je kasuwar Kurmi ina neman hula", kalmar jiya ta riga ta kafa lokacin, "ina neman" kuma ta zauna daram ba a taɓa ta ba. Aikatau na Hausa ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana gudana. Turanci kuwa kowane aikatau sai ya ɗauki alamar lokacinsa da kansa, don haka "was looking" ce daidai.

Wannan bambancin shi ne tushen matsalar, kuma a ganina haddace jadawalin lokuta goma sha biyu ba ya maganinta idan ba a nuna wa yaro inda harsunan biyu suka raba hanya ba.

Wajen ruwaito magana abin ya fi tsanani. "Ya ce zai zo" ko yau ya faɗa ko bara, haka take. A Turanci, da zarar an fara da "he said", sai abin da ke biye ya ja da baya taki ɗaya: "will" ta koma "would", "can" ta koma "could", "has" ta koma "had". Sai dai abin da yake gaskiya ne kullum ana iya barinsa: "The teacher said that water boils at 100 degrees."

Sauya lokaci ba laifi ba ne idan akwai dalili. Abu biyu sun faru a baya, ɗaya ya riga ɗaya, na farkon sai ya ɗauki "had": "When we reached Sabon Gari, the bus had left." Duk inda Bahaushe zai ce "ta riga ta", a duba can. Haka "tun 2019 nake zaune a Fagge" ba "I am living" ba ce, "I have lived in Fagge since 2019" ce.

Asarar ba kaɗan ba ce. A insha'in WAEC mai kalmomi kusan 450, maki 10 aka ware wa tsabtar nahawu da rubutu, kowane kuskure na cin rabin maki. Kurakurai 20 sun cinye su kaf. Masu rubuta kundin digiri ma ba su tsira ba: sukan bar "will be distributed" na takardar neman amincewa a babi na uku, alhali an raba takardun tambayoyin binciken an gama.

Gyaran yana son haƙuri. Kafin rubutu, a tsayar da babban lokaci ɗaya, in labari ne shuɗaɗɗen lokaci, in bayani ne lokaci mai ci. Bayan an gama, a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, a karanta su kaɗai a jere: went, saw, bought, is. Baƙon cikinsu zai fito fili. A tambaye shi dalilin zuwansa; in babu, a mayar da shi sahu. A fi zuba ido a sakin layi na uku da na huɗu, domin a nan labari ke yin daɗi, hannu ya saki, ɗalibi ya koma tunani da Hausa.