Kwat ɗin kilt na zamani: abin da na koya a teburin yanka

Kilt tufar mazan Sikotlan ce mai kama da siket, ana yin ta da kusan yadi 8 na ulu mai zanen dara da suke kira tartan, a tattare ta daga baya. Kwat biyu aka fi ɗorawa a kanta. Prince Charlie na bikin dare ne, baƙin ulu da kwala mai sheƙi, maɓallai masu launin azurfa da gajeriyar jela. Argyll bai kai shi ado ba, amma yana da maɗaurin kafaɗa irin na soja da naɗaɗɗen bakin hannu. Tun da irin su Howie Nicholsby, wanda ya kafa kamfanin 21st Century Kilts a Edinbura a 1996, suka fara sake wa kilt fasali, ango da abokansa sun koma neman kwat mai sauƙi: ulu mai kaushi da ake kira tweed, maɓalli ɗaya, babu komai a kafaɗa. Irin wannan nake ɗinkawa, kuma ya fi na gargajiya wuya a wurin tela, don adon da ke rufe aibin ɗinki duk an cire shi.

Ba na auna mutum sai ya ɗaura kilt ɗinsa, ya rataya sporran, jakar fatar da ke sauka a gaba. Kilt ba ta zama inda wando ke zama, tana hawa har saman cibiya, kimanin inci 2 bisa ƙugu, kuma tattarar baya tana ƙara kauri sosai idan tartan ɗin mai nauyi ne. Wanda aka auna da wando, kwat ɗinsa zai matse a ƙasa, tsagar baya ta wangale.

Tsawo shi ne tushen aikin. A bayan kilt akwai wurin da ɗinkin tattarar yake ƙarewa, daidai faɗin kwatangwalo, daga nan ninkin ke sakewa. A nan nake tsayar da kalmasar kwat, ko ɗan sama kaɗan. Yawanci hakan yakan sa ya gaza tsawon kwat ɗin ofis na mutumin da inci 3 zuwa 4. Idan ya zarce wannan layi, sai ya danne ninkin, kilt ta daina kaɗawa lokacin tafiya, alhali wannan kaɗawar ce kyanta. Idan kuma ya gaza da yawa, maɗauran fatar da ke gefen kilt su fito fili. Tsaga biyu nake yi a baya, gajeru, ba ɗaya a tsakiya ba.

Gaban kwat ɗin ana yanka shi da lanƙwasa don sporran ta bayyana. Ina fara lanƙwasar daga ƙasan maɓalli kaɗan, in zana da alli a jikin mutumin lokacin gwaji na farko, kwat ɗin yana haɗe da zaren wucin gadi, in bar inci 1 na rara kafin almakashi ya taɓa. Wurin nan yankan karkace ne, yadi yana miƙewa a kansa. Sai an bi gefen da siririn tef na auduga an ɗan ja shi, in ba haka ba, bayan 'yan watanni gaban ya fara lanƙwashewa waje.

Mutane sukan kawo tsohon kwat na ofis a rage masa tsawo ya zama na kilt. Wani lokaci yana yiwuwa, amma aljihu ne ke hanawa. Idan aka yanke inci 4, murfin aljihun ya sauko kusan kan kalmasa, kuma aljihun da aka tsaga a jikin yadi ba ya komawa sama. Mai aljihun da aka ɗora daga waje ne kawai nake karɓa, shi ana farke shi a ɗaga. Maɓalli na ƙasa ma yakan faɗa cikin lanƙwasar, ramin nasa ya rage a bakin yanka.

Ga mutum matsakaici, mita 2 na yadi mai faɗin santimita 150 yana isar kwat, a ƙara kusan santimita 70 don falmaran. Harris Tweed, wanda dokar 1993 ta ce sai wanda aka saƙa da hannu a gidajen mutanen tsibiran Outer Hebrides na Sikotlan, yana zuwa da faɗi biyu, 75 da 150. A tambaya kafin a biya, don mai 75 sai an ninka adadin. Yana da ƙarko amma yana da zafi, ga wanda zai yi rawa a ɗakin biki na fi ba da shawarar tweed mara nauyi. Kowane ne, ina bin sa da tururi ta kan jiƙaƙƙen ƙyalle, in bar shi ya kwana kafin yanka, don ya gama tsukewa. A ƙirji kambas, yadin da ke ƙarfafa kwat daga ciki, nake sawa da ɗinkin hannu, ba mannawa da gam ba. Gam ba ya kama tweed mai gashi da kyau, yana ɗagowa ya yi kumburi.

Launi kuwa, tartan ce ke magana. Toka mai duhu, ko kore da shuɗin da suke kira lovat, suna zama da kusan kowace tartan. Tweed mai manyan layuka a kan tartan mai ja da rawaya ido ba ya samun wurin hutawa. Maɓallan ƙaho sun fi na azurfa dacewa da kwat ɗin tweed.

Falmaran mai maɓalli 5 nake yi, gajere, ya rufe saman kilt da inci 1 zuwa 2, kada riga ta leƙo tsakani. Da falmaran ba a ɗaura bel, kan bel ɗin yana tura gaban waje. Kafaɗa ita nake dubawa a ƙarshe: tunda babu maɗauri a kanta, duk wata tattara a wurin haɗa hannu ana ganinta daga nesa, don haka hannun nake fara haɗawa da zaren wucin gadi, a gwada, sannan ya je keke.