Abin da littafin Hans Sloane ya nuna mini a cikin nawa kundin

A shekarar ƙarshe ta karatuna na ilimin haɗa magunguna, malaminmu ya sa kowa ya karanta wani tsohon littafin tsirrai kafin mu fita karkara tattara namu. Ni na faɗa kan na Hans Sloane, likitan da ya tafi tsibirin Jamaika a 1687 a matsayin likitan gwamnan da Ingila ta tura can. Wata goma sha biyar ya yi, ya koma Landan da tsirrai busassu wajen 800. Ya fitar da jerin sunayensu da Latinanci a 1696, sannan babban littafin ya fito kashi biyu, na farko a 1707, na biyu sai 1725.

Da farko aikin ya burge ni ƙwarai. Mutumin bai yi wasa da sana'arsa ba: ya matse ganye ya busar, ya sa an zana shi, ya faɗi inda yake fitowa da ciwon da ake sha dominsa. Har yau waɗannan ganyaye suna ajiye a gidan tarihin halittu na Landan. Na kuma ji wani iri da na ci karo da kuɓewa da riɗi da dawa a cikin shafukan, abincin gidanmu, suna girma a 'yan gonakin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma.

Sai dai da na yi nisa, tambaya ɗaya ta hana ni sakat. Baƙon wata goma sha biyar, wa ya nuna masa cewa wannan saiwar ta ciwon ciki ce, wancan sassaƙen na zazzaɓi? Bayi ne da 'yan asalin yankin, kuma galibi sai dai ya ce baƙaƙe suna amfani da shi, ko Indiyawa, wato 'yan asalin yankin, suna yin kaza. Sunansa ya cika bangon littafi, nasu ya ɓace. Shi kuwa ya auri matar da ta gaji gonakin rake a Jamaika, gumin waɗannan bayin ya shiga dukiyar da ya tara kayan da aka kafa gidan tarihin Birtaniya da su a 1753.

A wani littafin, na Henry Barham da aka buga a Kingston a 1794, na ga suna ɗaya da ya tsira: Majoe, wata tsohuwa baƙar fata da ke dafa wani ƙaramin itace mai ɗaci tana warkar da cututtuka masu taurin kai, har aka riƙa kiran itacen da sunanta. Na daɗe ina kallon sunan nan.

Daren nan na buɗe kundina na gwajin da muka yi a zangon baya. Maɗaci, sabara, marke, duk na rubuta sunan kimiyya da rana da wuri. A gurbin wanda ya ba da bayani kuwa, na sa "wata mai magani". Matar da ta zaunar da ni a tabarmarta, ta ɓare sassaƙen maɗaci da farcenta ta ce in ɗanɗana! Kunya ta kama ni, don ni ba ni da uzurin zama baƙo. Harshenmu ɗaya da ita.

Ranar kasuwa na koma rumfarta. Na ce, "Iya, na zo neman afuwa. Na rubuta iliminki ban rubuta sunanki ba. Kin yarda in sa?"

Ta ce, "Ɗan nan, sa. Amma ka haɗa da na kakata, a wurinta na koya." Sannan ta ce in karanto mata abin da na rubuta a kan maɗaci. Ina kaiwa wajen jiƙon ta tsayar da ni, ta ce na bar yawan ruwan da ake zubawa, kuma ban faɗi cewa ita ba ta ba mai juna biyu ba. Na zaro biro na gyara a gabanta.